Harsashi ko albarushi: wanne ne daidai a labaran tsaro?

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina fassara labarai a wani gidan rediyo, kuma akwai abin da ke yawan raba kanmu a ɗakin labarai. Sanarwa za ta zo daga sojoji ko 'yan sanda da Turanci, a ce an ƙwato bindigogi kaza da abin da Bature ke kira ammunition. Wani ya rubuta harsasai, wani ya rubuta alburusai, wani kuma ya jera duka biyun a jimla ɗaya. Babbanmu ya ce duk ɗaya ne, kowa ya ɗauki wanda ya zo masa baki. Ni dai raina bai kwanta ba. Masana a taimaka, mene ne asalin kalmomin nan, kuma wacce ta fi dacewa?

Jikan Maharba: Wa'alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, ko kusa. Mu farauta gadonmu ce. Albarushi shi ne baƙin garin nan da ake ɗura wa bindigar toka. Kakana a cikin ƙaho yake ajiye nasa, ya toshe bakin da tsumma, ya rataye can nesa da murhu. Da damina kuwa kullum sai ya duba shi, domin in ya sha danshi ba ya tashi, sai ka ja kunama ka ji ƙyas kawai, nama ya yi gaba. Harsashi kuma a wata 'yar jakar fata yake, ƙwayoyin dalma ne da gutsattsarin ƙarfe. Albarushi ake fara zubawa a danne da tsumma, sannan harsashi ya biyo baya. Albarushi ya ci wuta ya tura, harsashi ya tafi ya yi ɓarna. Duk maharbin da ka tambaya a ƙasar Hausa haka zai gaya maka.

Bafade: Gaskiyar ɗan'uwana ce. Ku duba hawan salla mana. 'Yan bindigar sarki suna ta buga bindiga a tsakiyar dubban jama'a, ƙasa na girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai na zabura, amma ba wanda ke faɗuwa. Saboda albarushi ne zalla a ciki, babu harsashi. Da abu ɗaya ne da ba a yi Hawan Daushe lafiya ba.

Ɗalibin Larabci: Allah ya saka muku da alheri. Asalin kalmomin ma yana tare da ku. Dukansu biyu daga Larabci muka aro su. Albarushi daga al-barud ne, wato garin bindiga. Harsashi kuma daga ar-rasas, kuma rasas a Larabci sunan ƙarfen dalma ne tun kafin a san bindiga. Da aka fara narka dalma ana dunƙula ta don harbi, sai ƙwayar ta ɗauki sunan ƙarfen. Har gobe Balarabe yana kiran fensir ƙalamur rasas, alƙalamin dalma, yana kuma kiran ƙwayar harsashi ɗaya rasasa.

Ba mu kaɗai muka ara ba. A Swahili harsashi risasi ne, albarushi baruti, bindiga bunduki. Turkawa suna ce wa albarushi barut, kuma su ma kalma ɗaya suke da ita ta dalma da harsashi.

Malamar Makaranta: To Malam, in daga rasas ne, ina aka samo "ha" ɗin farko da "shi" ɗin ƙarshe? Yarana a aji irin tambayar da za su yi min ke nan.

Malamin Hausa: Malama, tambayarki a kan hanya take. Abu uku ne suka faru.

Da yawa daga kalmomin da muka aro daga Larabci mun haɗiye su ne tare da "al" ɗinsu, muka ɗauka jikin kalmar ne. Basal ta zama albasa, ƙalam ya zama alƙalami, ƙadi ya zama alƙali, ibra ta zama allura. Wani lokacin "a" ta faɗi, "l" ta tsaya, shi ya ba mu labari daga al-khabar da laifi daga al-aib. Albarushi ɗan wannan gida ne, sai dai ƙarshensa ya sauya a hanya kamar yadda na alƙali ya sauya. A gaban "r" kuwa Balarabe ba ya furta lam ɗin, ar-rasas yake cewa, don haka abin da kunnen Bahaushe ya kama shi ne "arsas".

Ita "h" ta farko ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wani ya ce hanta wani ya ce anta, wani haihuwa wani aihuwa, gwargwadon karin harshen garinsu.

Sai ƙarshen. Sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka aka liƙa "i". Kuma ƙa'ida ce a Hausa, "s" in ta zo gaban "i" ko "e" takan koma "sh". Shi ya sa da an yi jam'i take dawowa: harsashi harsasai, albarushi albarusai, daidai da mashi da masu, ƙashi da ƙasusuwa. Masu cewa alburushi da alburusai kuma wasalin gaba ne ya janyo na baya, duka biyun suna bakin mutane.

Ku lura da wani abu. Mu mun karɓi rasas da ma'anar abin harbi kawai, muka riƙe namu sunan na ƙarfen. Lokacin da gubar nan ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Anka da Bukkuyum a 2010, gubar dalma aka kira ta, ba wanda ya ce gubar harsashi.

Malamar Makaranta: Na gamsu, Allah ya ƙara sani.

Mai Bin Tarihi: Abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar da kalmomin suka biyo. Sunayen nan uku, bindiga da albarushi da harsashi, duk daga arewa suka gangaro, ta hamada. Bunduƙ a Larabci sunan wani ɗan itace ne mai ƙwarya, ƙarami dunƙulalle, daga nan aka riƙa kiran 'yan dunƙulen da ake harbawa da sunan, sannan abin harbin ya zama bunduƙiyya. Wasu kuma suna danganta sunan da birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Albunduƙiyya.

A yankinmu Barno ce ta yi fice da wuri. Mai Idris Aloma, a ƙarshen ƙarni na 16, ya samu 'yan bindiga Turkawa da suka horar masa da mutane, limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta hakan. A 1591 kuma rundunar Maroko ta tsallako hamada da bindigogi ta karya Songhai a Tondibi, duk da cewa mutanen Askia, sarkin Songhai, sun ninka su yawa.

A Kano, littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Kun ga kayan sun fara shigowa ta kudu ke nan, daga hannun Turawan bakin teku, amma sunan da ya riga ya zauna na Larabci ne, bai gusa ba.

Ɗan Damagaram: Sannunku 'yan'uwa. Kada a manta da mu a wannan zance. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya sayen bindigogi daga fataken Tarabulus kawai ba. A cikin Zinder aka riƙa haɗa masa albarushi, aka kuma zuba masa igwa. Maƙeran gari ne suka yi aikin. Farar wuta da gawayi da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, su ne kayan haɗin albarushin da duniya ta sani tun daga Sin, kuma mutanenmu sun iya shi.

Game da kalmar Turancin da Malam Mai Fassara ya kawo, mu da muka yi karatun Faransanci mun san gidanta. Asalinta la munition ce. Sojojin Faransa na da suka riƙa yanka ta ba daidai ba, suna cewa l'amunition, sai Ingilishi ya ɗauke ta a haka cikin ƙarni na 17, da "a" ɗin da ba nata ba. Abin da ya faru da albasa da alƙali shi ya faru da ita. Tushenta na Latin kuma ganuwa yake nufi da kayan kare gari, a hankali ma'anar ta ƙuntata ta koma abin da ake ɗura wa makami. A nan Nijar in jandarma ya yi magana da Faransanci yana rarrabewa: munitions ga kayan gaba ɗaya, cartouche ga ƙwaya ɗaya cikakkiya, balle ga kan da ke fita, poudre ga garin.

Tsohon Soja: Yarana, duk kun yi magana mai kyau, amma ku bari in gaya muku inda rikicin ya samo asali, don na daɗe ina riƙe abin nan a hannuna.

A bindigar maharba abu biyu ne a jaka biyu. A bindigar zamani an haɗe su wuri ɗaya tun daga masana'anta. Ɗauki ƙwaya ɗaya ta AK-47 ka duba. Akwai kwanso na ƙarfe ko tagulla. A gindinsa akwai ɗan madauwarin abu da allurar bindiga ke buga wa. A cikinsa akwai gari. A bakinsa kuma an dasa kai mai tsini. Kan nan shi ne harsashin asali, garin ciki shi ne albarushin asali. In aka harba, kai ya tafi, gari ya ƙone, kwanso ya yi tsalle ya faɗi gefen dama da zafinsa.

To mutumin da bai taɓa ɗura bindigar toka ba, aka miƙa masa wannan ƙwaya, me zai kira ta? Wani ya kira ta da sunan kanta, wani ya kira ta da sunan cikinta. Ba jahilci ba ne, kayan ne suka haɗe.

Tsohon Ɗan Jarida: Madalla da Baba Soja. Shi ya sa nake tare da babbanku, Malam Mai Fassara. Harshe na masu magana da shi ne. Shekara da shekaru ana cewa alburusai a rediyo, daga Kaduna har tashoshin ƙetare, kuma babu mai sauraron da ya taɓa ɗauka buhun gari ake nufi. In ka ce "an kama mutum da alburusai 200", kowa ya gane. Gari ai ba a ƙirga shi da ɗai-ɗai, jam'in kansa ya nuna ma'anar ta riga ta tashi daga gari ta koma ƙwaya. Ba za mu mayar da hannun agogo baya ba.

Malamin Hausa: Yallaɓai, ban musa cewa ma'anar ta faɗaɗa ba, kuma hujjarka ta jam'i mai ƙarfi ce. Amma akwai wurin da ba su musanyuwa har yanzu, kuma kunnenka ma zai ƙi. Za ka ce "likita ya ciro masa albarushi daga cinya"? Za ka ce "albarushi ya fasa gilashin mota"? Wasu suna faɗa, amma da ka ji ka san an kauce. Abin da ya shiga jikin mutum harsashi ne. Haka kuma ba za ka ce "maharbi ya shanya harsashinsa a rana saboda ya ji danshi" ba. Tunda muna da kalma biyu kuma kowacce tana da inda ta fi ƙarfi, asara ce mu narkar da su su zama ɗaya. Ɗan jarida yana da hannu a wannan, domin abin da ya maimaita safe da yamma shi yara ke tashi da shi.

Tsohon Ɗan Jarida: A kan wanda ya shiga jiki na yarda da kai, harsashi ne. A kan wanda aka kama a cikin buhu ko akwati kuwa ina nan a kan bakana, duka biyun sun halatta.

Mai Fassara: To ko a nan na samu abin riƙewa. Wanda aka harba ko ya sami mutum, harsashi. Garin bindigar gargajiya, albarushi. Wanda aka ƙwato ba a harba ba, zan fi son harsasai amma ba zan yi faɗa da mai cewa alburusai ba. Abin da zan daina bari ya wuce shi ne "harsasai da alburusai" a jere, in dai ba da gaske an kama gari ba.

Saura ɗaya. Me za mu yi da "harsashi mai rai"? Kullum sai na gan shi a rubutun yaranmu.

Malamar Makaranta: Wannan kam yana ƙona min rai. Harsashi ba shi da rai, shi ke ɗauke rai. Turanci ne aka sa wa hula.

Tsohon Soja: Abin da suke so su bambanta gaskiya ne, sunan ne bai yi ba. Iri uku ne. Akwai na roba da 'yan kwantar da tarzoma ke harbawa, shi ma yana raunatawa, yana iya kisa in an harba daga kusa. Akwai wanda ba shi da kai, kwanso ne da gari kawai aka matse bakinsa, shi muke amfani da shi a atisaye da wajen jana'izar soja, ƙara ce kawai. Sai na ukun, mai kai, mai kisa. Ku ce harsashin gaske, kowa zai gane. In an ce 'yan sanda sun harba harsashin gaske a kan masu zanga-zanga, babu tsohuwar da za ta nemi ƙarin bayani.

Bahaushen Sudan: Salamu alaikum dangi, daga nan gefen Nilu. Ina ta karantawa da jin daɗi. Abin mamaki, Larabawan da muka ara a wurinsu su ma ba kalma ɗaya suke amfani da ita ba. A labarai zakhira suke cewa ga kayan gaba ɗaya, asalinta abin da aka taskace don gaba. A bakin mutanen Sudan kuma za ka ji jabakhana, wadda ta zo daga Turkanci tun zamanin mulkin Turkawa da Misirawa, da ɗalƙa ga ƙwaya ɗaya. Amma tsofaffinmu in suna Hausa a gida harsashi suke cewa, da shi kakanninsu suka taho. Da yawansu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan a Afrilun 2023 kalmomin nan sun zama na yau da kullum har a bakin ƙananan yara. Ku sa mu a addu'a.

Mai Bin Tarihi: Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. Burmin da ka ambata ma tana cikin wannan zance. A Kano cikin Fabrairun 1903, da Sakkwato cikin Maris, da Burmi cikin Yuli, abin da ya raba faɗan shi ne bambancin da Baba Soja ya bayyana. Mutanenmu mafi yawa da kwari da baka da mashi da takobi suka fita, masu bindigar cikinsu kuma sai sun tsaya sun ɗura gari sun ɗura dalma kafin harbi ɗaya. Turawa suna da igwa da bindigar Maxim, irin mai jigida, wadda ke zuba ɗaruruwan harsasai a minti guda. Kuma tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu tsofaffin na ɗuri da garinsu. Sai bayan 'yancin kai, a 1964, Najeriya ta kafa masana'antar ƙera makamai da harsasai a Kaduna.

Bafade: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kalmar da aka fi zalunta a duk wannan ita ce 'yan bindiga. Kun ji dai tun zamanin Babba Zaki sunan ma'aikatan fada ne. Gida ne guda, ana gadonsa, suna da shugabansu da kayan sawarsu, su ke buga bindiga a sanar da gari an ga wata, su ke gaban sarki ranar hawa. Yau in yaro ya ce babansa ɗan bindiga ne sai a zaro ido. An ɗauki sunan mutanen kirki an ba ɓarayin daji masu kashe manoma da satar mutane. Ina roƙon 'yan jarida, ku kira su ɓarayin daji ko 'yan fashin daji ko 'yan ta'adda, sunayen sun ishe su.

'Yar Zamfara: Baba, na ji zafinka kuma kana da gaskiya a tarihi. Amma mu da abin yake kanmu, in aka kwankwasa ƙofa da dare aka ce 'yan bindiga sun shigo gari, ba mai tunanin fada. Yaranmu suna tsintar kwanso a bayan gari suna wasa da shi, suna bambanta ƙarar mai jigida da ta AK tun daga nesa. Sunan ya riga ya kama su. Abin da zan roƙa shi ne a riƙa cewa 'yan bindigar sarki ko 'yan bindigar fada a cike, don a raba su da waɗancan.

Bafade: Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa, 'yata. Na karɓi wannan.

Malamar Makaranta: Amin. Malam, kafin a watse, harsashin gini fa? In gwamna ya aza harsashin ginin asibiti, shi ma daga dalma ne?

Malamin Hausa: A'a Malama, a ganina kalma biyu ce daban da suka yi karo a furuci. Tushen gini a Larabci asas ne, daga gidan da muka samo assasa, kamar a ce wane ne ya assasa makarantar nan. Asas da rasas harafi ɗaya ya raba su a kunnen Bahaushe, kuma ƙa'idar "s" ta koma "sh" ta hau kansu duka biyun. Ma'anar jimla ce ke raba su, kuma ba a taɓa ruɗewa. Sai dai a kula da hasashe, na abin da ake tsammanin zai faru, don ina ganin masu rubuta "harsashen yanayi". Babu "r" a cikinsa.

Tsohon Soja: Ƙarin gyara ɗaya ga ɗana Mai Fassara, tunda kai ne mai riƙe da alƙalami. Ina yawan jin kuna cewa an ƙwato "kwanson harsasai biyar" alhali abin da ake nufi shi ne ɗan akwatin nan mai lanƙwasa da ake maƙala wa bindiga a ƙasa. Wannan gidan harsashi ne, mu a bariki magazin muke ce masa, na AK-47 yana cin ƙwaya 30. Kwanso kuwa fankon da ya faɗi ne bayan an harba. In ka ce an samu kwanso biyar a wuri, ka gaya wa mai sauraro an yi harbi sau biyar. In ka ce an samu gidan harsashi biyar cike, ka gaya masa mutumin yana ɗauke da ƙwaya 150. Ranar da labarin zai je gaban alƙali, wannan bambancin yana iya zama hujja.

Mai Fassara: Na rubuta, Baba. Na jigida fa, shi ma gida za mu ce?

Tsohon Soja: A'a, shi jigidar harsasai za ka ce, a faɗi ko guda nawa ne a jikinta in sanarwar ta kawo adadin.